Tsakuwa a Gorunan Kakana

Daga Allah muke, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana, mahaifin babana, wanda duk gidanmu ke kira Tsoho, ya riga mu a tsakiyar bazarar bana, lokacin da zafi ya kai kaji suna yawo baki buɗe. Ya bar 'ya'ya da jikoki, ya bar rijiya da lambu a bayan gida, ya kuma bar mana zargin juna, wanda shi ne dukiyar da ya fi tarawa a duniya.

Tun ranar farko ta zaman makoki ni ce mai zuba ruwa a buta da kwashe kwanuka, don haka babu gaisuwar da ta wuce kunnena. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam. Mutum ne mai kyakkyawan zato, bai taɓa zargin kowa ba." Wata tsohuwa da ta zo daga Yammedi, wadda babu wanda ya san dangantakarmu da ita, ta yi kuka har ta shiɗe, tana cewa tunda take ba ta taɓa ganin mai sakin hannu irinsa ba. Na dubi Innarmu. Innarmu ta dubi tabarma. Gwaggo, 'yar Tsoho da ke aure a Falgore, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, mata suka yi ta ba ta haƙuri. Ni dai na san kukan Gwaggo, kuma wannan ba shi ba ne.

A waje ma haka. Maza su yi addu'a su shafa, sannan wajen sallama wani ya matso kusa da Baffa, babban ɗan Tsoho, ya rage murya: "Af, irin kuɓewar nan ta Malam, an dai adana ko?" Wasu ƙafarsu ce ta zo ta'aziyya, idonsu kuwa lambu ya zo dubawa. Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, maƙwabcinmu mai awaki, wanda suka fara rigima da Tsoho tun kafin a haife ni. Ya zauna can gefe, bai taɓa abinci ba, bai ɗaga kai ba. Mutane suka ce murna ce ta hana shi magana.

Shi ya sa na ɗauki biro. In aka ci gaba da wannan yabon, kafin baɗi za a shafe Tsohonmu na gaske, a bar mana wani salihin bawan Allah da ba mu taɓa kwana gida ɗaya da shi ba. Ni kuwa nawa nake so, mai zargin.

In Tsoho zai shiga lambu, abin da yake fara cewa shi ne, "Na gan ki." Ko da kowa, ko babu kowa. Ya ce in mutum ne zai firgita ya fito, in akuya ce za ta ji kunya, in kuma babu kowa bai yi asarar komai ba. Da kunnena na taɓa jin ya faɗa wa hawainiya.

Kullum da yamma zai share bakin ƙofar lambun, ya baza rairayi mai laushi, da safe ya zo karatun sawu. Ya san ƙafar kowa a unguwarmu fiye da yadda ya san fuskarsa. In ya ga sawun da bai gamsu da shi ba, sai ya jera mu jikoki kowa ya sa ƙafa a ciki. Sau da yawa sawun yakan yi daidai da tawa ƙafar, amma wannan ba hujja ba ce, yara masu ƙafa biyu suna da yawa a garinmu Kurugu.

"Amarya," haka yake kirana, irin wasan kaka da jika, "me ya sa bakinki ya yi ja?"

"Janbaki ne, Ango. Kai ba ka saya mini ba, kuma sai ka hana wani ya saya?"

"Janbaki mai 'ya'ya a tsakanin haƙora? Buɗe in gani."

"Fara nuna mini naka haƙoran tukuna, in akwai."

Ba mutane kaɗai yake zargi ba, har hadari bai tsira ba. In gabas ta yi baƙi yara suna tsalle, shi sai ya ɗaga kai ya ce, "Ƙarya yake, babu komai a cikinsa." Ruwan farko kuwa mayaudari yake kiransa. Ko an kwana ana yi, sai ya fita da safe ya tona ƙasa. In laimar ba ta kai wuyan hannunsa ba, sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Wannan na wanke ido ne, ba ruwan shuka ba." Waɗanda suka yi gaggawa irinsu ya tsiro ya ƙone, shi yana gindin zogale yana gyara ƙotar fartanya, yana yi musu jaje da murmushi.

Lambun ba wani babba ba ne, in ka yi atishawa a gabas na yamma zai amsa maka. Amma shekara ba ta taɓa samunsa babu kore ba. Da damina kuɓewa da yakuwa da rama da barkono, kabewa tana hawan danga. In kaka ta yi, sai ya bi ya ɗaura wa 'ya'yan farko masu kyau jan tsumma. Duk abin da ke da jan tsumma na iri ne, wanda zai taɓa shi gara ya taɓa kunama. Da sanyi ya ja fangali, ya dasa tumatir da albasa da latas, mu kuma mu yi ta jan guga har tafin hannunmu ya fi na maƙeri kanta. Da bazara ya rufe gindin shuka da ƙaiƙayi, ya toshe ramukan danga da ƙaya, ya tara toka da kashin awaki. Kashin na awakin maƙwabci ne, kuma shi ne kaɗai alherin da Tsoho ya yarda awakin suna da shi.

Rigimarsu da maƙwabci ta je gaban mai unguwa sau da yawa, har mai unguwa ya ware musu tabarma. Wata rana Tsoho ya kama wata jar akuya a bakin danga, ya buɗe bakinta ya shinshina, ya ce, "Alayyafo." Ya ja ta har ƙofar gidansu.

"Malam, ga 'yarka. Tambaye ta inda ta karya kumallo."

"Malam, akuyar nan tun safe tana ɗaure."

"To alayyafon ne ya tsallaka danga ya je ya same ta?"

"Ka dai gyara dangarka."

"Kai kuma ka gyara tarbiyyar gidanka."

Daga nan suka daina gaisawa har sallah. Ranar sallah suka gaisa, washegari aka ɗora daga inda aka tsaya.

Duk wannan tsaron ba don ganye yake yi ba, don iri ne. Irin Tsoho ba na kasuwa ba ne, daga hannun mahaifiyarsa ya karɓa. Akwai kuɓewa 'yar gajeruwa mai saurin haihuwa, wadda in aka kaɗa miyarta sai ka ɗaga loma a Karaye yauƙin bai tsinke ba har Rogo. Akwai barkono ɗan mitsitsi da ke sa baƙo ya tuna duk zunubansa. Akwai tumatir ƙanana masu tsami da ba sa ruɓewa da damina, da jar yakuwa, da kabewa mai garɗi. Kowanne in ya bushe sai ya cakuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci, ya ɗura a gora, ya toshe da totuwar masara, ya rataye a saman murhun tsohon madafi inda hayaƙi ke bugu. Kowace safiya sai ya bi gorunan ya girgiza, ya kara a kunne, ya ji ƙarar iri, sannan ya yarda gari ya waye.

Baffa ya taɓa kawo masa irin leda daga kasuwar Karaye, mai hoton tumatir kamar kan jariri. Tsoho ya juya ledar gaba da baya ya ce, "Wa ya san ubansa?" Ya shuka shi a wajen danga, wai ba zai shigar da baƙo cikin gida ba sai ya ga halinsa. Ya yi 'ya'ya manya kuwa. Amma da aka ajiye irinsa aka shuka a shekara ta gaba, sai ya fito kamar ba shi ba. Tsoho ya yi ta aika mu mu kirawo Baffa ya zo ya gaisa da baƙonsa. Baffa bai ji daɗi ba, kuma tun daga lokacin ya cire ƙafarsa daga lambun.

Zan faɗi wani abu da masu yabon ba su sani ba. Da azumi Tsoho yakan tsinki alayyafo da tumatir da sassafe, ya ɗaure, ya ajiye a bakin ƙofar gidajen da ya san tukunyarsu ba ta da nauyi. Sannan ya dawo tsakar gida ya ɗaga murya: "An shiga lambuna. An kwashe mini rabin fangali. Duk wanda ya yi, na gan shi." Ranar da na ritsa shi da ɗaurin a hannu, na sha gabansa na ce, "Na gan ka." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In kika faɗa, na sake ki." Na ce dama zaman haƙuri nake yi.

Bayan an gama ɗibar tumatir na rani, ƙafafunsa suka fara kumbura. Wata rana da hantsi ina ja masa ruwa, ya waiga hagu ya waiga dama, ya leƙa bayan zogale, har cikin rijiya sai da ya leƙa, sannan ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihun 'yar shararsa ya danƙa mini.

"Kuɓewa ce. Duk gidan nan ke kaɗai na yarda da ke."

"Ni? Ni da kake sa wa ƙafa a sawu?"

"Ke na san iyakar ɓarnarki, ba ta wuce cikinki. Sauran ban san tasu ba. Ki ɓoye. Ranar da aka yi ruwan shuka, na gaske, wanda ya kai wuyan hannu, ki shuka a fangalin bakin rijiya. Kafin ranar, in kika nuna wa wani ko kika faɗa, ban yafe ba."

"Kai ina za ka da ba za ka shuka da kanka ba?"

"Ƙafar nan ba na jin za ta kai ni damina."

Na ce ya daina neman hanyar gudu, ni ba zan yi masa takaba ba ga jarrabawa a gabana. Ya yi dariya har ya sarƙe da tari. Na sa ƙullin a gwangwanin kayan lissafina, ƙarƙashin rula, na yi ta yawo ina jin kaina kamar wadda aka yi wa naɗi.

Da ya kwanta ciwo ma bai bar hali ba. Ya zargi ƙwayar magani, ya zargi mai allura, ya zargi kunun da aka ce babu sukari. Kullum da safe sai ya sa na sauko masa da gorunan, ya girgiza a kunne, ya gyaɗa kai ya ce, "Suna nan," in mayar. Ranar da zai tafi, kafin ya cika da kalmar shahada, maganarsa ta ƙarshe ta duniya ita ce, "An rufe ƙofar lambu?" Aka ce an rufe. Ya ce, "A sake dubawa." Ni aka aika. Kafin in dawo na ji salati.

Bayan sadakar bakwai Babanmu ya koma Kudu wajen aikinsa, baƙi suka watse. Baffa ya ce a sauko da gorunan a gaban kowa, don kada gobe wani ya ce wani. Aka ajiye faifai a tsakar gida. Ya girgiza goran farko, ya yi ƙara yadda ya saba. Ya zare totuwa ya juye. Toka ta zubo, sai tsakuwa, 'yan ƙanana, zaɓaɓɓu, daidai girman irin kuɓewa. Na biyu ma toka da tsakuwa. Haka har na ƙarshe, babu ƙwayar iri ko ta magani.



Gwaggo ce ta fara. "Yaya, wannan ba aikin ɓarawon waje ba ne. Na waje da goran zai tafi."

"Na sani," in ji Baffa.

"Kuma ba aikin babba ba ne. Wane babba ne zai zauna ya tsince tsakuwa daidai da iri don gora ya riƙa ƙara? Wannan sai mai wayon banza da lokacin banza."

Ban san yadda aka yi ba, sai na ga duk idanun gidan sun taru a kaina, har da na ƙanina da ke goye.

"Gwaggo, ni me na yi?"

"Wa yake sauko da gorunan kullum? Wa ya taɓa cika mini gwangwanin alewa da tsakuwa?"

"Wannan shari'ar ai ba a samu shaida ba."

Baffa ya ce, "Ke, dube ni nan. Akwai irin Tsoho a hannunki ko babu?"

"Ni ban taɓa buɗe gora ba, Baffa."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na yi shiru. A gidanmu kuwa shiruna ya fi kowace shaida ƙarfi, don ba a taɓa jin sa ba. Innarmu, wadda na zata za ta tsaya mini, sai ta miƙe wai tuwo zai kama. Nan take na ɗiga mata ayar tambaya.

"To shi ke nan," in ji Baffa. "Lambun nan irin ne darajarsa. In babu shi fili ne kawai, ni kuma yara sun girma suna neman ɗaki. Na ba wanda ya ɗauka daga yau zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka irin bai dawo ba, bulo za a buga a wajen, rijiyar ma ta huta." Don a san ba wasa yake ba, washegari tifa ta juye yashi a bakin ƙofar lambun, daidai inda Tsoho ke karatun sawu.

Ka ga inda Tsoho ya jefa ni. In na fito da ƙullin, an kama ɓarauniya, kuma za a ce ina sauran. Ga shi na karya maganar wanda ya ce bai yafe ba, kuma ba ya nan balle in lallashe shi. In na yi shiru, kuɓewa kaɗai ce a hannuna, ban san ko za ta isa ta tare bulo ba. Abin da ya fi ci mini rai, na tabbata wani ya sace sauran, kuma da shi muke cin tuwo.

Sai na koma Tsoho, na shiga karatun mutane. Gwaggo ta ƙi komawa Falgore, wai ƙafarta ke ciwo, mijinta yana ta bugo waya, amma in aka ce ga mai awara a ƙofar gida ƙafar takan warke. Innarmu ta tura wata tsohuwar tukunya ƙarƙashin gado, in na doshi wajen sai ta aike ni. Baffa ya fara kulle akwatin mashin ɗinsa, wanda duk duniya ta san babu komai a ciki sai tsumma da sifana. Maƙwabci kullum yana leƙen lambu ta saman danga, ya dubi ƙasa ya dubi sama. Su kuma duk ni suke karantawa. Gwaggo ta zazzage jakar makarantata, har ta ɗauki gwangwanin lissafi za ta buɗe, na ce, "A hankali, Gwaggo, akwai wani ƙarfe mai tsini a ciki, ya taɓa tsire wata yarinya sai da aka kai ta asibiti." Ta yar. A makaranta labari ya riga ni isa, 'yan ajinmu suka sa mini Hajiya Tsakuwa. Babbar ƙawata ta daina barin ƙosanta kusa da ni.

Ana haka aka yi ruwan farko, ɗan yayyafi da la'asar mai tayar da ƙamshin ƙasa. Na zagaya bayan gida kamar mai neman kaza, na tsuguna na tura yatsa. Ko rabinsa bai jiƙa ba. Mayaudari. Ina ɗagowa sai ga Gwaggo mai ciwon ƙafa a tsugune bayan tulin yashi, yatsanta a ƙasa.

"Me kike nema a nan?" ta ce.

"Kaza. Ke fa, Gwaggo?"

"Ɗan kunnena ne ya faɗi."

Duka biyun suna kunnenta. Muka rabu, kowa ya ƙara tabbata da ɓarawonsa.

Ruwan gaske ya zo bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki. Aka wayi gari kwata tana gudu, kwaɗi sun buɗe kasuwa. Gari yana fara haske na ɗauki ƙullina da 'yar fartanyar Tsoho, na tsallake yashin Baffa. Na tona, laima ta wuce wuyan hannu. Na ce yau ko sunan ɓarauniya zai bi ni har gidan miji, kuɓewar nan sai ta shiga ƙasa.

Na sara ramin farko ke nan na ji an ce, "Na gan ki."

Saura kaɗan in faɗa rijiya. Baffa ne a bakin ƙofa. Ba fuskata yake kallo ba, tsumman hannuna yake kallo, guntun tsohon rawanin Tsoho.

"Ashe dai ke ce."

"Baffa, ba sata na yi ba. Shi ya ba ni da hannunsa. Ya ce in ɓoye sai ruwan shuka, ya ce duk gidan nan..."

"Ke kaɗai ya yarda da ke," in ji wata murya daga bayan zogale. Gwaggo ce, tana tafe garau babu ɗingishi, da ƙulli a hannu, tsummansa iri ɗaya da nawa. "Ni ma haka ya ce mini. Yakuwa. Jikin danga ta gabas."

Baffa ya sa hannu a aljihu a hankali, ya fito da nasa.

"Tumatir. Ya ce in yi reno a inuwar zogale. Ya ce ni ne babba, ni kaɗai..."

"Kai da ka juye mana yashi, Yaya?" in ji Gwaggo.

"Na ɗauka ɗaya ya ba ni, sauran aka sace. Yashin don ɓarawo ya tsorata ne." Ya dubi tulin yashin. "Amma da yau ta wuce babu wanda ya fito, da na buga."

Sai ga Innarmu da tsohuwar tukunyar nan a ƙarƙashin hijabi. Tana ganinmu ta juya za ta koma.

"Dawo, matarmu," in ji Gwaggo. "Ke me aka ba ki?"

"Rama da alayyafo," ta ce, kanta a ƙasa. Da yake ita da Tsoho surukai ne ba sa haɗa ido, wai da zai ba ta, turmi ya tsaya ya yi wa bayani, ita tana bayansa tana ji, ya ajiye a kan turmin ya wuce. "Ya gaya wa turmin duk gidan nan shi kaɗai ya yarda da shi."

Muna cikin haka danga ta motsa. Maƙwabci ya ɗago kai ta sama, hularsa a jiƙe, ya miƙo hannu da ƙulli.

"Salamu alaikum. Barkono ne. A inda rana ke fara bugu, in ji shi."

Baffa ya ce, "Baba, har da kai?"

"Har da ni. Amma ni bai ce ya yarda da ni ba. Cewa ya yi shi ne kaɗai abin da awakina ba za su ci ba." Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban, ya sa hannun riga ya rufe fuska. "Tun da aka kai shi babu wanda ya kawo mini ƙarar akuya. In gari ya waye rasa abin yi nake."

Babu wanda ya tambayi wa ya zuba tsakuwar. Kowa ya tuna Tsoho a kwance yana girgiza duwatsu a kunne, yana gyaɗa kai, wai suna nan. Na gyara tsayuwa ina jiran a ba ni haƙuri a gaban jama'a, da jawabi. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wayon banza da lokacin banza. Ashe gado kika yi." Baffa kuwa cewa ya yi, "Miƙo fartanyar, ramin ya yi zurfi." Ya tsallako yashinsa ya shigo lambun da ya daɗe bai taka ba.

Ni dai ban gama hucewa ba. Mutum ya dube ka ya ce kai kaɗai, ashe har turmi ya faɗa wa. Na yi ta tunani, ko rashin yarda ne ya hana shi tara wa mutum ɗaya, ko kuwa ya san in ya bar irin a gora za a raba shi kamar kwanuka, kowa ya tafi da nasa, lambun ya zama ɗaki. Da na tambayi Innarmu ta ce in bar bawan Allah ya kwanta. Abin da na sani, ranar duk gidanmu da maƙwabci muna cikin lambu har rana ta take, kowa yana gyara wa kowa, kowa yana cewa ba haka Tsoho yake yi ba.

Kabewa ce kaɗai ba ta fito ba. Muka ci gaba da zargin juna a kanta har tsakiyar damina, sai Baffa ya je ɗaurin aure Yammedi ya dawo yana ta gyaran murya. Wai ya ga kabewarmu ta lulluɓe rufin wani gida, a ƙofar gidan kuma tsohuwar nan da ta shiɗe a makoki tana zaune tana tsince ganye. Gwaggo ta bugo waya daga Falgore ta ce duk wanda ya ƙara tayar da maganar nan ba ta yafe ba. Ni ma ban tayar ba, rubutawa kawai na yi.

Yanzu kaka ta yi. Kuɓewa ta haihu har muna rabawa, na bi na ɗaura wa 'ya'yan farko jan tsumma. Yashin Baffa yana nan, da shi nake baza bakin ƙofa da yamma. Jiya na ga wani sawu ya nufi wajen tumatir, daidai ƙafar Baffa. Da na tuhume shi ya ce masu ƙafa biyu suna da yawa a Kurugu. Gorunan sun koma saman murhu, duk wanda ya wuce sai ya girgiza ya kara a kunne, suna ƙara kuwa. Abin da ke ciki, daga ni sai Wanda ya halicce ni.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa zarginsa da namu, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba shi lambu a Aljanna, mai ruwan da ba sai an ja guga ba. An ce can babu ɓarawo, babu akuya mai ɓarna, amma na san Angona, sai ya kewaye shi da danga ya share bakin ƙofa. In Allah ya sa muka dace muka iso, ba na roƙon wata tarba. Ya dai ɗago kai daga cikin fangali ya ce, "Na gan ki." Amin.